Madam Pompadour: Ba ta gaji sarauta ba, amma ta juya fadar Faransa shekara 19

Duk mai bin labaran duniya ya san fadar Elysee, gidan da shugaban ƙasar Faransa ke zaune a Paris, inda shugabannin Afirka da dama, har da na Nijar, suka sha tsayawa a bakin ƙofa ana ɗaukarsu hoto. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, gidan ya taɓa zama mallakar wata mace da ba ta gaji sarauta ba, ba ta kuma taɓa riƙe kujerar minista ba. Ta saye shi a 1753, ta gyara shi yadda ranta ke so, da ajali ya matso kuma ta bar wa sarki shi a wasiyya.

Sunanta na asali Jeanne-Antoinette Poisson, amma duniya ta fi saninta da Madam Pompadour, farkar Sarki Luwi na 15. Daga 1745 har zuwa mutuwarta a 1764, duk mai neman wani abu wajen sarki, minista ne ko janar ko jakada ko marubuci, ya san cewa hanya mafi kusa ta ƙofar ɗakinta ta bi.

Sama da shekara 250 ke nan da mutuwarta, amma Faransawa ba su gama gardama a kanta ba. Wasu na ganinta uwar masu fasaha da marubuta. Wasu kuma na cewa ita ce ta cinye dukiyar ƙasa, ta jefa Faransa cikin yaƙin da ya raba ta da Kanada da Indiya. Kowane ɓangare na da abin kamawa. Rayuwarta kuma tana ta da tambayar da ba ta tsufa: idan mai mulki ya miƙa kunnensa ga mutumin da doka ba ta ba shi iko ba, ba kuma mai iya tuhumarsa, wa za a kama ran da abu ya lalace?

Ƴar masu kuɗi a ƙasar masu jini

An haife ta a Paris ranar 29 ga Disamba, 1721. Mahaifinta, François Poisson, yaron wasu attajirai ne ƴan gida ɗaya da ake kira Pâris, waɗanda suka yi arziki da kwangilar ciyar da sojojin sarki da ba gwamnati rance. Tana ƴar ƙarama aka zargi uban da almundahana a cinikin hatsi, a lokacin da Paris ke fama da tsadar abinci. Ya tsere daga ƙasar, ya yi shekaru a Jamus kafin ƙura ta lafa ya dawo.

Wanda ya ɗauki nauyin gidan a bayansa shi ne Le Normant de Tournehem, ɗaya daga cikin manyan ƴan kasuwar da ke sayen izinin karɓar haraji: su biya baitulmali kuɗi a dunƙule, sannan su bi jama'a su tara abin da ya fi haka. Tun a lokacin mutanen Paris ke raɗe-raɗin cewa shi ne ainihin uban yarinyar. Ko ma mene ne gaskiyar lamarin, bai yi mata rowa ba. Bayan ta ɗan zauna a makarantar kwana ta sistoci a garin Poissy, inda ciwon ƙirji ya sa aka maido ta gida, sai ya ɗauko mata ƙwararrun malamai na waƙa da rawa da kiɗa da zane da wasan kwaikwayo.

Tana da shekara tara uwarta ta kai ta wajen wata mai duba, wadda ta ce wata rana yarinyar za ta mallaki zuciyar sarki. Daga nan ƴan gida suka laƙaba mata sunan wasa, Reinette, wato ƙaramar sarauniya. Da alama maganar ta zauna mata a rai, domin a cikin takardun lissafin kuɗinta an samu inda aka ware wa matar livre 600, kuɗin Faransa na wancan zamani, tukuicin wannan duba.

Sai dai a Faransa ta wancan lokaci kuɗi ba ya sayen komai. Jama'a kashi uku ne: malaman coci, masu jinin sarauta, sai sauran mutane. Attajiri ko ya kai ina, in ba shi da jini, yana cikin kashi na uku tare da manomi da maƙeri, kuma matarsa ba ta isa a gabatar da ita a fadar Versailles ba.

A watan Maris na 1741, tana da shekara 19, Tournehem ya aurar da ita ga ɗan ɗan'uwansa, Charles-Guillaume Le Normant d'Étiolles. Sun haifi ɗa namiji da bai yi rai ba, sai ɗiya mace, Alexandrine, a 1744. A wuraren hira na manyan gidajen Paris ta saba da marubuta irin su Voltaire da Montesquieu, sunanta ya fara zagaya gari.

Keken doki a dajin farauta

Luwi na 15 ya hau gadon sarauta a 1715 yana ɗan shekara biyar. A 1725 aka aura masa Marie Leszczyńska, ɗiyar wani sarkin Polan da aka tuɓe, wadda ta girme shi da shekara bakwai. Ta haifa masa ƴaƴa goma cikin shekara goma, daga nan zumuɗi ya kwanta. Sarkin mutum ne mai kunya, mai saurin gundura, wanda ba abin da yake so kamar farauta.

A fadar Faransa, zama farkar sarki kusan muƙami ne da kowa ya sani. Ba daidai yake da ƙwarƙwarar gidajen sarautar ƙasar Hausa na da ba, domin ita ba baiwa ba ce, kuma addinin sarkin bai halatta masa ita ba. Amma tana da ɗakunanta a fada, da kuɗin kashewa daga baitulmali, da jama'arta. Al'ada ta tanadi abu guda: dole ta fito daga gidan masu jini. Kafin Jeanne-Antoinette, sarkin ya bi ƴan mata aƙalla uku ƴan gida ɗaya, ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshensu, Madam Châteauroux, ta mutu a watan Disamba na 1744, wuri ya zama babu kowa.

Gidan hutun su Jeanne-Antoinette a Étiolles yana bakin dajin Sénart, inda sarki ke farauta. Ta sha fitowa cikin ƙaramin keken doki tana tuƙa kanta, ta gifta ta inda ayarin sarki zai wuce, yau riga ruwan hoda cikin shuɗin keke, gobe shuɗiyar riga cikin keke ruwan hoda. Sarki ya gani, ya kuma tambaya.

A ƙarshen watan Fabrairu na 1745 aka yi bikin auren yarima mai jiran gado da gimbiyar Sipaniya. An shirya rawar dare a Versailles inda kowa ke rufe fuska. Sarki da wasu fadawa bakwai suka fito da shiga iri ɗaya, kamar itatuwan da ake yi wa aski a lambun fada, don kada a gane shi. A wannan dare aka ga yana hira da matar d'Étiolles. Kafin ƴan makonni ta tare a wasu ɗakuna da ke saman na sarki. Mijinta ya dawo daga tafiya ya tarar da aikin gama ya gama. Kotu ta raba musu zama da dukiya, amma da yake cocin Katolika ba ta kashe aure, ta ci gaba da zama matarsa a takarda har ta mutu.

Saura matsalar jini. Sarki ya saya mata ƙasar Pompadour da ke yankin Limousin tare da sarautar markiz da ke kanta. Yayin da yake fagen yaƙi a wannan bazara, inda Faransa ta yi nasara a Fontenoy ranar 11 ga Mayu, ita tana Étiolles ana koya mata al'adun fada: wa ake durƙusa wa, wa ake ɗaga wa kai kawai, wace kalma ce ba a furtawa. Cikin malamanta har da wani matashin malamin coci, Bernis, wanda daga baya zai zama ministan harkokin waje. Ranar 14 ga Satumba, 1745, aka gabatar da ita ga sarki da sarauniya a gaban fadawa. Gimbiya Conti ce ta yarda ta ja ta, bayan sarki ya ɗauki nauyin biyan bashin cacar da ya yi mata katutu.

Kifi a cikin fada

Fadawa sun ɗauka abin ba zai wuce ƴan watanni ba. Sun yi kuskure, domin ta gano ciwon sarkin tun da wuri, wato gundura. Ta shirya masa cin abincin dare da ƴan mutane kaɗan, inda zai cire nauyin sarauta ya yi dariya, har ya dafa kofi da hannunsa. A 1747 ta buɗe ɗan ƙaramin dandalin wasan kwaikwayo a cikin fada, ita ce kan gaba wajen wasa da waƙa, manyan masu sarauta na taka rawa a bayanta. Sai wanda aka gayyata ke shiga, don haka samun kujera a wurin ya zama abin da ake kamun ƙafa a kansa.

Ta kuma yi abin da waɗanda suka gabace ta ba su yi ba: ta girmama sarauniya. Tana aika mata furanni, tana tura sarki ya kyautata mata. Yarima mai jiran gado da ƴan'uwansa mata dai ba su taɓa karɓarta ba, kuma suna kiranta da wani suna na zagi a tsakaninsu.

Sunan gidansu, Poisson, ma'anarsa kifi da Faransanci, kuma masu zambo ba su bar wannan dama ta wuce ba. Waƙoƙin zambo a kanta suka cika titunan Paris har aka yi musu suna, poissonnades. Suna zagin asalinta, da uwarta, da kashe kuɗinta, har da cututtukanta na mata. A nan ne aka ga ɗaya fuskar tata. Ta zargi ministan sojan ruwa, Maurepas, da hannu a wata waƙa mai muni, kuma a watan Afrilu na 1749 sarki ya tuɓe shi ya kore shi daga Paris. Sai bayan shekara 25, da sabon sarki ya hau, ya dawo gwamnati.

A wannan shekara ta 1749 wani saurayi mai suna Latude ya aika mata wani ƙunshi da ya yi kama da guba, sannan ya ruga ya gargaɗe ta da kansa don ya samu lada. Da aka gano dabararsa aka jefa shi kurkukun Bastille ba tare da shari'a ba. Ya sha tserewa ana sake kama shi, bai samu ƴanci ba sai 1784, shekara 20 bayan mutuwarta. Shugaban ƴan sandan Paris na lokacin, Berryer, mutuminta ne, kuma a gidan waya akwai ofishin da ke buɗe wasiƙun mutane a asirce ana kai wa sarki abin da aka tsinta.

Daga farka zuwa aminiya

Jikinta bai taɓa ƙwari ba. Ta yi ɓari fiye da sau ɗaya, ga tari da zazzaɓi da ba sa barinta. Wajen 1750 mu'amalar kwanciya tsakaninta da sarki ta ƙare. A al'adar fada, wannan shi ne ƙarshen farka: a sallame ta da ɗan abin hannu, ko ta ƙarasa rayuwa a gidan sistoci.

Ita kuwa a nan ne ƙarfinta ya ƙaru. Ta sauko daga ɗakunan sama zuwa wani babban sashe a ƙasan fada, wurin da ƴan gidan sarauta ke kwaɗayi. Ta sa mai sassaƙa Pigalle ya yi mutum-mutuminta a matsayin alamar aminci, don kowa ya san sabon matsayinta. Sarki ya ci gaba da neman mata, yawanci ƴan mata ƙanana marasa gata da ake ajiye masa a wani gida a unguwar Parc-aux-Cerfs ta garin Versailles. Waɗannan ba su dame ta ba, domin ba su da dangin da za su yi siyasa da su. Abin tsoronta shi ne mace mai jini da wani ɓangaren fada zai turo. A 1752 aka yi yunƙurin haka da wata matashiya daga dangin Choiseul, sai wani ɗan dangin ya kai wa Pompadour wasiƙar da sarki ya rubuta wa matar, shirin ya wargaje. Wannan mutum shi ne daga baya ya zama babban minista Choiseul.

A 1752 aka ba ta darajar dushes, wadda ke ba mace izinin zama a ƴar kujera a gaban sarauniya. A 1756 aka naɗa ta cikin matan da ke hidimar sarauniya, babban muƙami da matan fada ke nema. Don share hanyar wannan naɗi da kuma neman sulhu da coci, ta rubuta wa mijinta tana tayin komawa gidansa. Ya ƙi cikin ladabi, abin da ake ganin shi ma take fata.

Tsakanin waɗannan nasarori ne ta gamu da babban rashin rayuwarta. A watan Yuni na 1754 Alexandrine ta mutu a makarantar sistoci a Paris, ba ta cika shekara goma ba, kafin uwar ta iso. Bayan ƴan kwanaki kakan yarinyar, François Poisson, ya bi ta.

Tangaran, gine-gine da littattafai

Abin da ko maƙiyanta ba sa musu a kai shi ne idonta ga abu mai kyau. Tun 1745 ta sa aka ba Tournehem shugabancin ma'aikatar gine-ginen sarki. Ta tura ƙanenta Abel Italiya ya yi kusan shekara biyu yana nazarin gine-gine tare da masana, ya dawo ya gaji kujerar a 1751. Naɗin ɗan'uwa ne ƙiri-ƙiri, amma Abel, wanda aka fi sani da Marigny, ya riƙe aikin sama da shekara 20, kuma a zamaninsa aka fara cocin da ya zama Panthéon na yau.

A lokacin, masu kuɗin Faransa na sayen tangaran daga Sin da kuma Meissen ta ƙasar Jamus. Pompadour ta tsaya wa wata ƙaramar masana'anta da ke Vincennes, aka maido ta Sèvres kusa da gidanta na Bellevue a 1756, sarki ya mallake ta gaba ɗaya a 1759. A ƙarshen kowace shekara akan baje kayan a Versailles, sarki da kansa yana tallatawa, kuma bafaden da ke son zama lafiya ya san dole ya saya. Masana'antar Sèvres na aiki har yau.

Tare da attajiri Pâris-Duverney ta matsa aka kafa makarantar soja ta Paris a 1751, don horar da ƴaƴan masu jini 500 da iyayensu suka talauce. A nan ne wani yaro ɗan tsibirin Corse, Napoleon Bonaparte, ya yi karatu a 1784.

Ta taimaka wa Voltaire ya zama marubucin tarihin sarki a 1745, ya kuma shiga majalisar masana harshen Faransanci a 1746. Likitanta, François Quesnay, yana cikin waɗanda suka aza harsashin ilimin tattalin arziki. A zanen da La Tour ya yi mata a 1755, an nuna ta zaune kusa da wani juzu'i na Encyclopédie, kundin ilimin nan na Diderot da d'Alembert da malaman coci suka tsana. Goyon bayanta na da iyaka, domin an haramta kundin a 1759 tana fada. Ta bar littattafai kimanin 3,500, ta kuma koyi zane a kan farantin tagulla da hannunta.

Duk wannan da kuɗin wa? Lissafin da aka yi daga takardunta ya nuna ta kashe kimanin livre miliyan 36 a cikin shekara 19, mafi yawa a gidaje da kayan ƙawata su, a zamanin da lebura ke samun kusan livre ɗaya a yini. In aka gwada da abin da yaƙi ke ci a shekara guda, kuɗin bai kai ya karya ƙasa ba. Amma talakan da ke biyan harajin gishiri ba ya ganin lissafin yaƙi. Gidan Bellevue yake gani a kan tudu.

Yaƙin da ya ɓata mata suna

Faransa da gidan sarautar Ostiriya sun shafe sama da shekara 200 suna gaba. Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya, wadda Sarki Frederick na biyu na Prusiya ya ƙwace wa lardin Silesia, tana neman sabuwar ƙawa. Ministanta Kaunitz ya taɓa zama jakada a Paris, ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. A 1755 jakadan Ostiriya ya miƙa saƙon farko ta hannun Pompadour, aka yi ganawar sirri a wani ƙaramin gidanta da ke Bellevue, Bernis ne ya wakilci sarki. Ranar 1 ga Mayu, 1756, aka sa hannu kan yarjejeniyar Versailles.

Maƙiyanta sun yaɗa cewa ta sayar da Faransa ne don haushin Frederick, wanda ke yi mata ba'a. Masana tarihi na yau sun fi ganin cewa sarki ne ya yanke shawara, musamman bayan Prusiya ta ƙulla yarjejeniya da Ingila a watan Janairu na 1756. Luwi na da wata hanyar diflomasiyya ta sirri da ko ita bai sa ta ciki ba. Amma ita ce ta buɗe ƙofa, ta kuma kare wannan ƙawance har ƙarshe.

Ana cikin haka, ranar 5 ga Janairu, 1757, wani tsohon baran gida mai suna Damiens ya soki sarki da ƴar wuƙa a harabar Versailles. Raunin bai yi zurfi ba, amma sarki ya ɗauka mutuwa ce, ya kira limamin coci. Kowa ya tuna 1744, lokacin da ciwo ya kwantar da shi a Metz, malamai suka ƙi yi masa addu'ar gafara sai da ya kori farkarsa ta lokacin. Pompadour ta yi kwanaki a ɗakinta ba saƙo ba labari. Minista Machault, wanda take ɗauka nata ne, ya ba ta shawara ta tattara kayanta. Ta fara ɗaure kaya, wata ƙawarta ta hana ta. Da sarki ya warke ya sauko ɗakinta kamar yadda ya saba. Ranar 1 ga Fabrairu aka tuɓe Machault da ministan yaƙi d'Argenson, babban abokin gabarta. Ƙasar da ke tsakiyar yaƙi ta rasa ƙwararrun ministoci biyu a rana ɗaya saboda rikicin cikin gida. Damiens kuwa an kashe shi da mummunar azaba a bainar jama'a a watan Maris.

Ranar 5 ga Nuwamba, 1757, a Rossbach, Frederick ya tarwatsa rundunar Faransa da ƙawayenta, wadda ta kusan ninka tasa, cikin ƙasa da awa biyu. Kwamandan Faransa, Yarima Soubise, abokinta ne, kuma kowa ya san da goyon bayanta ya samu jagoranci. Maimakon hukunci, shekara mai zuwa aka ɗaga shi zuwa marshal. Bernis, da ya fara cewa a nemi sulhu, aka sallame shi a 1758, Choiseul ya maye gurbinsa.

A teku abin ya fi muni. Ingila ta ƙwace Saint-Louis da Gorée a gaɓar Senegal a 1758, ta ci Quebec a 1759. A yarjejeniyar Paris ta 10 ga Fabrairu, 1763, Faransa ta rasa Kanada, ta rage da ƴan tashoshin ciniki biyar a Indiya, ta bar wa Ingila kogin Senegal. Abin da ta dage aka maido mata shi ne tsibiran rake na Guadeloupe da Martinique, da kuma Gorée. Wato an gwammace sukarin da bayi ƴan Afirka ke nomawa a kan faɗin ƙasar Kanada, domin a nan riba take. Wani kaso na dukiyar da ta ƙawata manyan gidajen wancan zamani daga guminsu ya fito.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A ƙasar da zagin sarki ke iya kai mutum kurkuku, zagin farkarsa ya fi sauƙi, don haka duk laifin shan kashi aka jibga mata, har da wanda ba nata ba.

Mutuwa a fada

A watan Fabrairu na 1764 ciwon huhu ya kwantar da ita a gidan sarki na Choisy. Da ta ɗan ji sauƙi aka maido ta Versailles. Al'ada ba ta yarda kowa ya mutu a fadar ba sai ɗan gidan sarauta, amma sarki ya bar ta. Don ta samu gafarar coci, dole suka yi sallama kafin ranar ƙarshe, bai sake ganinta ba. Ta ƙarasa a zaune cikin kujera saboda numfashi ba ya yiwuwa a kwance. An ruwaito cewa da limamin ya tashi zai tafi, ta roƙe shi ya ɗan jira su fita tare. Ta cika ranar Lahadi 15 ga Afrilu, 1764, tana da shekara 42. Masana da yawa na ganin tarin fuka ne ajalinta.

Nan da nan aka lulluɓe gawar aka fitar da ita daga fada a kan makara. Bayan kwana biyu, ana ruwa da iska, ayarin jana'iza ya kama hanyar Paris. Al'ada ta hana sarki rakiya, sai ya tsaya a barandar fada yana kallo har ayarin ya ɓace. Voltaire ya nuna alhini. Diderot kuwa ya yi mata hisabi mai zafi, yana ganin abin da ta bari bai kai abin da ta ci wa ƙasa ba.

Ƙaramin gidan Petit Trianon da aka fara ginawa dominta a 1762 bai kammala ba sai bayan ranta. Wadda ta gaje ta, Madam du Barry, ta more shi, daga baya ya koma hannun Marie Antoinette, gimbiyar Ostiriya da aka aura wa jikan sarki a 1770 don ƙarfafa ƙawancen nan da aka fara ƙullawa a gidan Pompadour. Bashin yaƙi da zubewar mutuncin sarauta suka ci gaba da taruwa. Shekara 25 bayan mutuwarta juyin juya halin 1789 ya ɓarke, kuma a 1793 aka fille kan Luwi na 16 da Marie Antoinette da du Barry a dandalin da aka gina don girmama Luwi na 15.

Sunanta ya rage a kan wani launin ruwan hoda na tangaran ɗin Sèvres, da wani salon gyaran gashi da ake tayar da shi sama daga goshi. An binne ta kusa da ɗiyarta a cocin sistocin Capucines da ke Paris. A farkon ƙarni na 19 aka rushe wurin aka fitar da titin da ake kira rue de la Paix, inda manyan kantunan gwal da lu'ulu'u suke a yau, kuma dubban mutane na bi ta kan wurin kullum ba tare da sun san wadda aka binne a nan ba.